Ba JSON Ne Ya Cinye Muku Sifili Ba

A wannan zangon kaɗai, sau uku ɗalibai masu aikin kammala karatu a Birnin Kebbi suna kawo mini kuka iri ɗaya. Sun rubuta manhajar rajistar manoman shinkafa na fadamar Argungu, sai suka tarar lambobin waya sun rasa sifilin farko. Hukuncin da suka yanke shi ne wai JSON yana cin sifili. Wani ma cewa ya yi a jefar da shi a koma XML.

Ku daina ɗora wa kayan aiki laifinku. JSON ba ya lissafi, ba kuma harshen rubuta manhaja ba ne. Tsari ne na shirya bayanai a rubuce, wanda Douglas Crockford ya yaɗa tun wajen 2001, ƙa'idarsa kuma tana cikin RFC 8259 ta 2017. Abu shida ya sani: rubutu, adadi, gaskiya ko ƙarya, null, jeri da ƙunshi.

Ga inda gizo ke saƙar. Lambar waya ba adadi ba ce. Wa ya taɓa tara lambar wayarsa da ta maƙwabcinsa? Idan ka mai da ita adadi a Python ko Excel, sifilin ya tafi tun kafin ya iso fayil. Idan kuma ka rubuta 0803 tsirara da hannu, mai karanta fayil ɗin zai ƙi shi, domin ƙa'ida ta hana sifili a gaban adadi. Haka lambar NIN da ta BVN masu lamba 11, da lambar asusun banki mai 10, su ma ba adadi ba ne. Duk ku kulle su cikin alamar zance:

{"gari": "Argungu", "buhu": 40, "waya": "0803…"}

Buhu ana ƙirga shi, shi ya sa 40 ta tsaya babu alama.

Sauran gyaran ba wuya. Alamar zance mai biyu-biyu ake sawa, kada a bar waƙafi bayan abu na ƙarshe, kuma babu wurin sharhi a ciki. Ku adana fayil da UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ na sunayen manoma su rikiɗe su koma shirme.

Malamai, ku ma da naku. Kuna karɓar aiki da hoton fuskar manhaja, ba ku taɓa cewa a buɗe fayil ɗin a gani ba. Ranar da za a kira manomi ya zo karɓar taki, lambar da ta rasa sifili ba za ta shiga ba.