Takardar Likita Ta Shigo Waya

A watan Yulin 2022 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Dakta Mahamudu Bawumia, ya ƙaddamar da dandalin sayen magani ta intanet a Gana, ƙarƙashin hukumar da ke kula da masu harhaɗa magunguna. Ke nan takardar da likita ya rubuta maka tana iya isa kantin magani ta waya, a duba ta, a haɗa maka, ba sai ka rufe rumfarka a Kejetia yini guda ba.

Sai dai doka ba ta sassauta ba. Dole takardar ta fito daga wanda aka ba izinin rubuta magani, da sunanka a kai, kuma kanti mai rajista kaɗai zai sallame ka. Hoton takardar maƙwabci da aka turo maka ta WhatsApp ba taka ba ce, ko da ciwonku ya yi kama. Ƙwayar hawan jinin da ta karɓe shi tana iya kayar da kai.

In fatauci zai kai ka Lome ko Maraɗi, tsarin nan na Gana ne. Karɓi maganin da zai ishe ka, ka riƙe takarda a hannu, ka bar ƙwayoyin cikin kwalinsu.