UWA, KADA KI BAR RUƁAƁƁEN HAƘORI A BAKIN ƊANKI

Yaro yana da haƙoran yarinta 20, babba kuwa 32. Wajen shekara 6 turmin farko na girma yakan fito can baya, ba tare da wani ya faɗi ba. Wannan ba na famfara ba ne. In ya lalace, wani ba zai tsiro ba.

ME KE KAWO RUƁEWA?

Ba tsutsa ba ce. Ƙwayoyin cuta ne na baki ke cin sukarin alewa, biskit da lemon kwalba, su fid da tsami mai huda haƙori. In ramin ƙarami ne, likita yana iya cike shi. In aka yi sakaci ya kai jijiya, sai mugunya ta taru a gindinsa. A nan sau da yawa sai an cire. Ƙwayar magani kaɗai ba ta warkar da shi. Ciwon ya lafa, ya sake dawowa.

KI GARZAYA ASIBITI YAU IN KIN GA:

1. Kumburi ya doshi ido ko ƙarƙashin haɓa.
2. Zazzaɓi tare da ciwon haƙori.
3. Yaro ya kasa buɗe baki, ko haɗiya, ko numfashi sosai.

Irin wannan kumburi yana iya toshe maƙogwaro ya yi kisa. Kada ki jira gari ya waye.

ABIN DA BA ZA KI YI BA

Kada ki kai shi a fizge a kasuwa ko a gida. Haƙori yakan karye, saiwa ta rage ciki. Ƙarfen da ba a dafa ba yana ɗauko ciwon hanta da ƙanjamau. Kada ki sa ruwan batir ko garin taba a ramin. Kada ki ɗora asfirin kan dasashi, ƙonewa zai yi, kuma ba a ba yara asfirin.

RANAR CIREWA

Ki faɗa wa likita in yaron yana da sikila, ko ciwon zuciya, ko jininsa ba ya saurin tsayawa. In ke za a cire wa kina da ciki, ki faɗa, akwai yadda za a yi. Za a yi allura wurin ya mutu tukuna. Cire haƙori ba ya makantar da ido, wannan camfi ne.

BAYAN AN CIRE

1. Ya cije audugar da aka sa har minti 30.
2. Ran nan ba kurkure baki, ba yawan tofi, ba sa yatsa. Gudan jinin da ke ramin shi ne murfinsa.
3. Ki lura kada ya ciji leɓensa kafin allura ta sake shi.
4. Ki ba shi kunu ko fate mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba.
5. Daga washegari ya riƙa kurkurewa a hankali da ruwan ɗumi kofi ɗaya da gishiri rabin ƙaramin cokali, bayan cin abinci.
6. Ki ba da magani yadda aka ce. In jini ya ƙi tsayawa, ko ciwo ya ƙaru bayan kwana 2 ko 3, ki komo da shi.

Ki goge wa ɗanki baki safe da dare da buroshi da man goge baki mai fulorayid. Ki rage masa zaƙi.

RIGAKAFI YA FI MAGANI.

Ma'aikatar Lafiya ta Jiha