Naka Ne, Amma Yana Hannuna: Darasi Daga Kayan Tarihin Nok

'Yan uwa ɗalibai, da an yi maganar dawo da kayan tarihi, hankalin kowa sai ya tafi Benin, kan kayan tagullar da sojojin Ingila suka kwashe a 1897. To, mu ma nan Jihar Kaduna muna da tamu shari'ar, kuma ta fi koya mana bambancin mallakar abu da riƙe shi.

A 1928 ne masu haƙar kuza suka tono wani mutum-mutumi na gasasshen yumɓu a ƙauyen Nok, cikin Ƙaramar Hukumar Jaba ta yau. Daga baya Bernard Fagg ya nazarci irinsu, ya laƙaba musu sunan ƙauyen. Sun haura shekara 2,000 a duniya.

Abin lura shi ne, yawancin kayan Nok da ke Turai ba da bindiga aka ɗauke su ba. Bayan 'yancin kai ne, musamman a shekarun 1990, dillalai suka riƙa ba mutanen karkara 'yan kuɗi suna tonowa, ana tsallakewa da su ta ɓarauniyar hanya, alhali dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da su ba da izini ba. Ka ga ke nan da ɗan gari akan ci gari.

Ga misalin da ya kamata ku riƙe. A ƙarshen shekarun 1990 Faransa ta sayi mutum-mutumi uku daga wani dillali a Beljiyam, biyu na Nok, ɗaya na Sakkwato. A 2000 aka baje na Nok ɗin a gidan tarihin Louvre da ke Paris. Masana suka yi caa, don a lokacin kayan Nok na cikin jerin waɗanda ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta yi gargaɗin kada a saya. A 2002 aka sasanta: Faransa ta amince kayan na Najeriya ne, Najeriya kuma ta ba ta aronsu na shekara 25, wanda ana iya sabuntawa.

Ku duba da kyau. An sace maka keke, ka gan shi a ƙofar gidan wanda ya saya, ya ce e naka ne, amma ka ara masa shekara 25. Wasu na ganin nasara ce, tunda an samu mallaka a takarda. Ni dai a ganina an wanke kayan sata ne da sa hannunmu. Yi lissafi: 2002 a tara da 25, wa'adin na cika a 2027.

Na san wani zai ce, "Mu ina ruwanmu da gumaka?" Ai ba bauta musu aka ce a yi ba, hujja ce. A wuraren Nok, irin su Taruga, an samu matoyar narka ƙarfe da ke cikin mafi daɗewa a Afirka ta Yamma. Ɗalibin injiniya ya kamata ya san wannan. Kuma duk ramin da ɓarawo ya tona, gawayi da tsingaro da ake auna shekaru da su sun watse ke nan. Ko an dawo da mutum-mutumin, wannan bayanin ya tafi har abada.

Wanda bai taɓa ganin aikin Nok ido da ido ba, ya leƙa Gidan Tarihi na Ƙasa da ke titin Ali Akilu, tsohon ginin jam'iyyar NPC, da aka buɗe a 1975. Daga Tudun Wada ba nisa.