Yadda Ake Wanke Fanel ɗin Wayar da Ta Sha Ruwa

Da zarar damina ta kankama, masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano ba sa rasa baƙi: wanda ruwa ya doka a kan babur, wadda ɗanta ya tsoma mata waya a bokitin wanki, da wanda tasa ta suɓuce cikin kwata. Da yawansu sai sun binne ta cikin shinkafa kwana biyu kafin su kawo. Shinkafa kuwa ba ta cire gishiri da dauɗar da ruwa ya bari, kuma su ne ke cin ƙafafun aisi, wato ƙananan sassan da ke manne a fanel ɗin cikin waya, har su yi kore. Maganin abin wanki ne, da ɗan injin nan da ake kira altrasonik.

Kwano ne na ƙarfe, an manna masa wasu faya-fayai a gindi masu karkarwa sau 40,000 a daƙiƙa guda. Karkarwar ce ke tayar da ƙananan kumfa a cikin ruwa, su fashe nan take, fashewarsu ta ɓamɓaro datti daga lungun da gashin buroshi ba zai taɓa shiga ba.

Kwance waya aikin yaron shago ne. A fara cire batir, sannan sikirin, kyamara da lasifika, a bar fanel tsirara. Sai a yi amfani da bulowa a ɗaga murafun ƙarfen da suka rufe aisi, domin a ƙarƙashinsu ruwa ke kwanciya. Makirfon da ke manne da fanel wasu kan cire shi, wasu su rufe bakinsa da tef, saboda fatar cikinsa ba ta jure duka.

A wajen tsomawa ake gane wanda ya zauna gaban maigida ya koya. Da farko ruwan wankin. Ruwan famfo ko na leda zai bar irin gishirin da ake ƙoƙarin cirewa. Fetur da tina, da wasu ke zubawa don sauƙi, suna cin roba da gam. Abin da ya dace shi ne sinadarin wankin fanel da aka sirka da tataccen ruwa, a ɗumama shi zuwa kamar digiri 50, ko kuma sifirit na aisofurofil mai ƙarfin kashi 99. Shi sifirit ba a ɗumama shi ko kaɗan, don tururinsa na kama wuta ko a sanyin hunturu. A kofin gilashi ake zuba shi, a dasa kofin cikin ruwan kwanon, nesa da bulowa da ƙarfen dalma.

Sabon ruwa sai an bar injin ya yi ta kaɗa shi mintoci kaɗan ba komai a ciki, iskar da ke cikinsa ta fita, in ba haka ba kumfar ba ta da ƙarfi. Mai shakkar injinsa ya tsoma ɗan fallen alminiyon na minti ɗaya. In ya fito da ƙananan huji, injin na da lafiya. Fanel kuma ba ya taɓa gindin kwano, a kwando yake zama. Minti uku, a juya shi, a ƙara uku, a ciro. Nan ne zuciya ke raya wa mutum ya ƙara goma don ya fi fita. Kada a yarda. Akwai ƙananan sassa masu motsi a cikinsu, irin wanda ke sa hoto ya juya in an karkata waya, da ɗan kiristal mai riƙe wa waya lokaci; doguwar karkarwa na iya kashe su. Na ga maigida ya kashe injin da kansa, ya ce wa yaronsa: “Kai, ɗauko madubi mu duba tukuna.” In kore ya saura, buroshi mai laushi ne da ɗan gajeren zagaye na biyu.

Ba mu kaɗai ke wannan wanki ba. A masana'antun Shenzhen ta ƙasar Sin, inda ake haɗa wayoyi da yawa, irinsa ake yi wa sitensil, wani fallen ƙarfe mai kaurin kusan milimita 0.12, mai huji-huji kamar rariya, wanda ta cikinsa ake shafa dalma a kan fanel. Huji ɗaya ya toshe, duk fanel ɗin da ya biyo baya zai fito da ƙafa marar dalma. Shi ya sa suke wanke sitensil ɗin tun dalmar ba ta bushe ba, da ruwa marar zafi sosai don kada gam ɗin da ya riƙe shi a firam ya saki. Ƙaramin sitensil da injiniyan Kano ke sabunta ƙafafun aisi da shi ma haka yake so.

Bayan wanki, a ɗauraye fanel da sifirit ya kori ragowar ruwa, a hura iska mai ɗumi ta gefen kowace aisi, a bar shi ya kwana in da hali. Ɗigo ɗaya ya maƙale aka sa batir, an gama da wayar. Sai an auna an tabbatar ba shot kafin a ba ta wuta.

In ta tashi, gwani ba ya ɓoye wa mai ita gaskiya: “Alhaji, ka kwashe lambobinka da hotunanka yau, wayar da ta sha ruwa ba a ba ta amana.” Wannan maganar ce ke sa Alhaji ya turo ƙaninsa shagon gobe.