Darasi: Gandun Dajin W da Dukiyar Fatake

Darasinmu na wannan fitowa a kan gandun dajin nan ne da ke yamma da Malanbil, wanda da yawanmu ke yi wa kallon gajeriyar hanya, alhali kuwa shi ne hanya mafi tsada.

Da farko mu san wurin. An mai da shi gandun hukuma a 1954, zamanin mulkin Faransa. Sunansa ya samo asali ne daga lanƙwasar da Kogin Kwara ya yi a wurin, mai kama da harafin W. Faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 10,000, a ƙasashe uku: Benin, Nijar da Burkina Faso, kuma kason Benin ya fi yawa. Ƙasashen Karimama, Malanbil, Kandi da Banikwara duk suna iyaka da shi. Ɓangaren Nijar ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 1996, a 2017 aka haɗa da na Benin da Burkina. Benin ta kafa hukumar CENAGREF a 1996 don kula da irin waɗannan dazuzzuka, sannan a 2020 ta danƙa tafiyar da nata ɓangaren ga ƙungiyar African Parks.

To, me ya sa aka hana kiwo a ciki? Dalili na farko ruwa ne. Da rani kogunan Mekuru da Alibori kan tsinke su bar 'yan tafkuna, a nan giwa da ɓauna da gwanki ke sha. Garke ɗaya in ya kwana biyu a bakin tafki, sai ya mai da shi taɓo. Na biyu itatuwa: sassabe madaci da kawo da maɗobiya don ba shanu ganye yana kashe su a hankali. Na uku wuta. Ma'aikatan gandu kan sa tasu da wuri, ciyawa na da sauran danshi. Wutar tsakiyar rani kuwa ba ta barin komai. Na huɗu ya shafi aljihunmu kai tsaye: tsando na nan a kurmin bakin ruwa, sa ya ɗauko sammore, ya iso kara a rame, farashi ya faɗi.

Keɓe daji ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A makaranta mun karanta hima, wato makiyayar da shugaba ke keɓewa don amfanin jama'a, kamar yadda Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza saboda dabbobin zakka.

Yanzu sai batun doka. A 1998 ECOWAS ta tsara takardar shaidar ƙetare iyaka da garke, mai nuna yawan dabbobi, allurar da aka yi musu da burtalin da za su bi. A Disamban 2019 Benin ta hana garkunan waje shigowa kiwo. A Fabrairun 2022 nakiyoyi suka kashe mutum tara a cikin gandun, har da ma'aikatansa. Daga nan sojoji suka ƙaru, duk wanda aka gani a ciki abin zargi ne. Da aka rufe gadar Malanbil da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, wasu suka riƙa tunanin ratsa daji. Wannan kasada ce da ran yaran da ke kora mana shanu.

Saboda haka ga abin da muke ba juna shawara:

1. Kafin a ba makiyayi shanu, a yi magana ƙarara a gaban shaidu: burtali za a bi, ban da gandu.
2. Takardar likitan dabbobi da ta ciniki su kasance a hannun mai kora, ba a aljihunmu a gari ba.
3. A tanadi dusa da harawa tun kaka, don yunwar rani ce ke tura garke cikin gandu.
4. Kada mu sayi shanu masu arha a bakin daji in ba a san asalinsu ba. Arha ba ta ado.
5. In an kama dabba, a je ta hannun shugabannin ƙungiya da sarkin Fulani, a biya abin da doka ta ce, a karɓi rasiɗi.

Mu ma muna da haƙƙi. Inda manoma suka cinye burtali da auduga, ko aka toshe mashaya, sai mu kai kuka wurin magajin gari a ƙungiyance, a rubuce. Wanda bai taka doka ba shi ake saurara.

Allah ya tsare mu da dukiyarmu, ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, amin.