Kwashe hotuna daga kyamara zuwa kwamfuta: abin yi da abin bari

Ka kashe kyamara kafin ka ciro kati. Muddin 'yar fitilar da ke jikinta tana ƙyaftawa, kyamara rubutu take yi a katin, kuma zare shi a lokacin yana iya lalata hotuna.

Ka yi amfani da na'urar karanta kati. Ta fi haɗa kyamara da kebul, domin batir yana iya mutuwa ana tsakiyar aiki.

A gefen katin SD akwai ɗan makulli. Ka ja shi ƙasa don hana rubutu a katin kafin ya shiga kwamfuta, balle kwamfutar shagon buga takardu, wadda filashin kowa da kowa ke shiga. A irin waɗannan wurare ake kwaso cutar da ke ɓoye hotuna ta bar maka gumakan banza.

Ka kwafa, kada ka yanke. Buɗe jakar DCIM, kwashe komai, sannan ka gwada adadin hotunan kati da na kwamfuta, ka buɗe wasu ka gani da idonka. Kada ka goge ko ɗaya sai suna wuri biyu daban, misali kwamfuta da wani faifan ajiya. Masu hoton biki, da ku nake. Ba a sake ɗaurin aure don katinku ya lalace.

Kada ka zuba hotunan shekaru a jaka ɗaya. Kyamarar Canon tana ƙirga daga IMG_0001 zuwa IMG_9999, sai ta koma farko. Sunaye suka zo ɗaya, ka amince da sauyawa ba ka karanta ba, sabo ya danne tsoho ke nan. Kowane aiki da jakarsa da kwanan watansa.

Kada ka fizge kati. Ka umarci kwamfuta ta sake shi tukuna.

Wanke kati a cikin kyamara ake yi, ba a kwamfuta ba. Kati mai 32GB zuwa ƙasa galibi yana zuwa da tsarin FAT32, wanda ya haura haka da exFAT, kuma tsohuwar kyamara ba lallai ta gane na biyun ba.

Kada ka mai da WhatsApp ma'ajiya. Matse hoto yake yi, sai in a matsayin takarda ka tura.

In ka goge bisa kuskure, ajiye katin nan take, kada ka ƙara ɗaukar ko hoto ɗaya da shi. Manhajoji irin su PhotoRec ko Recuva suna iya dawo da abin da sabon hoto bai hau kansa ba.