Shekara Nawa Baƙo Zai Yi Kafin Ya Zama Ɗan Gari?

Tambaya: Kakata takan ba mu labarin wani yayan mahaifinta da ya tafi Makka da ƙafa, ya yada zango a Sudan, bai ƙara dawowa ba. Har yau zuriyarsa na can. Da aka yi rikici da Hausawa a Sudan a 2022, na ji a rediyo wasu na ce musu baƙi. Abin ya ɗaure mini kai. Mutanen da aka haifi kakanninsu a ƙasa, ta yaya za su zama baƙi? Akwai wasu shekaru da ɗan gudun hijira zai cika ya zama ɗan ƙasa? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: A taƙaice, babu wasu shekaru da in an cika su baƙunta ke faɗuwa da kanta. Harshe da sutura da abinci sukan sauya ba tare da kowa ya sa hannu ba. Ɗan da aka haifa a Kasala zai tashi da Larabcin Sudan a bakinsa, ya ci kisra kamar kowa. Amma takardar zama ɗan ƙasa, da gona, da sarautar da hukuma ta amince da ita, waɗannan sai an ba mutum. In ba a ba kaka ba, jika zai gaji rashinsu.

Tun kafin zuwan Turawa alhazan ƙasar Hausa ke bin hanyar gabas, ta Borno da Wadai da Darfur da Kurdufan har gaɓar Bahar Maliya. Tafiyar kan ɗauki shekaru, domin in guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi noma ko ƙwadago. Wasu sun yi aure a hanya, wasu sun sauke farali amma komawa gida ta gagara. Ina jin ɗan'uwan kakarki yana cikin irin waɗannan.

Ayari mafi girma ya tashi ne a 1903. Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas, jama'a masu ɗimbin yawa suka bi shi. An kashe shi a Burmi a watan Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira, har suka zauna a bakin kogin Nilul Azraƙ kusa da Sinnar, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Waɗannan 'yan gudun hijira ne sosai, ko da yake a lokacin babu wata hukuma mai rajistarsu. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, Turawa suka buƙaci ma'aikata, sai ƙarin mutanenmu suka kwarara. Akasarinsu leburori ne a gonar wani, suna kwana a 'yan ƙauyukan gefe da ake kira kambo. Mutanen Sudan suka haɗa Bahaushe da Bafulatani da Babarbare suka kira su duka Fallata.

Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957, wadda aka yi shekara guda bayan 'yancin kai, ita ce ta ƙulla matsalar. Ta ce ɗan Sudan na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa ta wajen uba ke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Ki lissafa da kanki: mutanen Mai Wurno sun iso bayan wannan rana da 'yan shekaru kaɗan. Daga baya an matso da ranar, har dokar 1994 ta kawo ta 1956. Sai dai kafin nan an riga an yi shekaru da dama ana raba filaye da ayyukan gwamnati da guraben karatu bisa tsohuwar doka. Ga kuma jami'in ofis, wanda kan dubi fuskar mutum da sunan ƙabilarsa ya nemi shaidun da bai nemi wani da su ba.

Duk da haka sun shiga jikin ƙasar. A'isha al-Fallatiya, wadda ta buɗe wa mata ƙofar rera waƙa a gidan rediyon Omdurman a shekarun 1940, daga cikinsu ta fito, sunanta ma ya nuna. Suna noma a Gadarif, suna su a bakin Nilu, suna da tsangayu da kasuwanni.

Abin da kika ji a rediyo ya faro ne a watan Yuli na 2022 a jihar Nilul Azraƙ, wadda kafofin labarai ke kira Blue Nile. A karkarar Sudan, ƙasa tana tafiya ne da sarautar gargajiya: ƙabilar da ke da sarkin da gwamnati ta sani ita ke da ta cewa kan filaye. Hausawa suka nemi a ba su tasu masarautar. Wasu daga ƙabilun yankin, irin su Barta da Hamaj, suka ga wannan hanya ce ta mallake musu ƙasar gado. Faɗa ya ɓarke a wajejen Rusairis da Damazin, ya sake tashi a watan Oktoba a Wad al-Mahi. Ɗaruruwan mutane suka mutu, dubbai suka bar gidajensu. Ban ga laifin Hausawa da suka nemi murya ba, amma a yi adalci: su ma waɗancan ƙabilun talakawa ne da suka daɗe suna kallon gwamnatocin Khartum na yanka filayensu suna ba manyan 'yan kasuwa masu noman tarakta. Wanda aka taɓa ƙwace wa gona ba ya jin maganar sabuwar masarauta da kunnen lafiya. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. To a nan raɓar ta shekara fiye da ɗari ba ta bushe ba, kuma doka ba ta tanadi abin da za a yi da ita ba.

Akwai inda aka bi wata hanya daban. A 1972, kashe-kashe a Burundi suka koro dubban mutane zuwa Tanzaniya. Gwamnatin Julius Nyerere ta zaunar da su a Ulyankulu da Katumba da Mishamo, ta yanka wa iyalai gonaki. Suka ciyar da kansu, suka sayar da rarar amfanin gona, 'ya'yansu suka yi karatu da Suwahili. A 2014 Shugaba Jakaya Kikwete ya tabbatar wa kimanin mutum 162,000 daga cikinsu zama 'yan ƙasa. Shekara 42 ke nan, kuma yawancin waɗanda suka karɓi takardar a Tanzaniya aka haife su. Kwatanta wannan da sansanin Dadaab na Kenya, wanda aka kafa wa 'yan Somaliya a farkon shekarun 1990. A can an haifi 'ya'ya, su ma sun haifa, amma shekaru da dama fita daga sansanin sai da izini, aikin albashi kuma sai da takardar da ke da wuyar samu.

Kada kuma ki ɗauka kai mutane Amurka ko Kanada ko Turai shi ne mafitar yawancinsu. Waɗanda hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke samar wa mazauni a ƙasa ta uku ba sa kai ɗaya cikin ɗari a shekara. Mafi yawan 'yan gudun hijirar Afirka suna Afirka, a ƙasar da ke maƙwabtaka da tasu, kamar dubban ɗaruruwan 'yan Sudan da suka tsallaka gabashin Cadi tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023.

Wataƙila za ki ce, to su dawo gida mana. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce wanda aka haifa a waje ɗan ƙasa ne idan uwarsa ko ubansa ɗan Najeriya ne. Wanda kakan kakansa ya bar Sakkwato tun ba a haɗa Najeriya ba a 1914, da wace takarda zai tabbatar da haka? Ko ya samu, akwai takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda sai da ita ake samun aikin gwamnati da gurbin karatu. Ita ce Hausawan Jos suka daɗe suna jayayya a kanta, ita ce kuma Ibo ko Bayaraben da aka haifa a Sabon Garin Kano kan sha wuya kafin ya samu, in ma ya samu.